Tsoro Cikin Cokali: Ni da Inna a Hanyar Lyon

Montreuil

Gari bai waye ba muka rufe ƙofar ɗakina a Montreuil, gefen Paris, ni da Inna da jakunkuna uku waɗanda babu tawa a ciki. Kayana kaf suna cikin 'yar jakar da na goya. Na Inna kuwa, duk wanda ya gan mu a bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zai rantse ƙaura muke yi, alhali ziyarar 'yan kwanaki za mu kai wa ƙanwata Rabi a Lyon. Akwai daddawa, akwai kuka, akwai busasshiyar yakuwa da gyaɗa, sai kilishin da ta taho da shi tun daga Maraɗi ta hana ni ko shinshinawa, wai na jika ne. Na ce mata a Lyon ma ana sayar da abinci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na gani. Shi ya sa duk kunka bushe."

Inna mahaifiyata ce. Aikin ido ya kawo ta Faransa, an yi an gama lafiya, kuma tun ranar da ta fara gani tangaran ba ta ga abin yabo ko ɗaya a ɗakina ba. Saura mako guda ta koma gida. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, shi ne Safiya, 'yar Rabi mai shekara tara, wadda aka haifa a nan. Yarinyar ta daina yi mata magana.

Ku da kuke gida kun san yadda kaka take da jika. Ba ta iya cewa tana sonki, sai dai ta ce miki mummuna, ta ce hancinki kamar an taka shi, ke kuma ki rama, a yi dariya a watse. To haka Inna ta yi ta yi wa Safiya a waya. Wata rana yarinyar ta haɗo 'yar Hausarta da ƙyar ta gaishe ta, Inna ta kwashe da dariya ta kwaikwayi muryarta. Ita kuwa Safiya a makarantarsu an koya musu cewa duk wanda ya kira ka mummuna, ka kai ƙararsa wajen malama. Tun daga ranar, in aka miƙa mata waya sai ta ce "bonjour" ta miƙo. Rabi ta yi bayani har ta gaji cewa wasa ne. Yarinya ta ce ba ta ga abin dariya a ciki ba, kuma a gaskiya in ka fassara maganganun Inna zuwa Faransanci, ni ma ba na ganinsa.

Inna ta daɗe tana cewa ba ta san ko za ta sake ganin wata damina ba. Kowace shekara takan faɗa, kuma kowace shekara ita ke fara shuka a unguwarsu. Amma daren da muke ɗaure kaya ta faɗe shi a hankali, tana kallon ƙasa, ta ƙara da cewa, "In tahi ke nan ɗiyar nan ba ta ce mini ko kanzil ba?" Wannan karon maganar ta soke ni.

Rabi ce ta kawo dabara, kuma ita ta saba kawo dabarar da wani zai ɗauki nauyinta. Zuwanmu zai haɗu da Halowin, wato yammacin ƙarshen watan Oktoba da yara ke shigar mayu da fatalwowi suna bin ƙofa ƙofa neman alewa, iyali kuma su zauna su kalli fim mai ban tsoro. Mu a gida tsoro kyauta yake zuwa har ɗaka, ko ba ka gayyace shi ba. A nan sai an ware masa rana an saya masa kaya. Rabi ta ce mini a waya, "Yaya, kai za ka zaɓo fim. Za mu zaunar da Safiya kusa da Inna, in ta tsorata ta ƙanƙame ta, shi ke nan an shirya." Na ce wane iri? Ta ce kada jini, kada sumba, kada tsiraici, don ga Inna ga surukinta a falo ɗaya. Kada tsoron ya yi yawa yarinya ta kasa barci, kada kuma ya zama babu shi sam. "Tsoro cikin cokali dai, Yaya." Na yi shekaru ina karatu a ƙasar nan, ga inda ilimi ya kai ni.

Mun shiga metiro layi na tara, muka canja a tashar Nation. Wanda ya tsara matakalan metiro na tabbata bai taɓa tafiya da mahaifiyarsa da daddawa ba. A bangon tasha an manna hoton ƙwarangwal yana murmushi yana tallan cakulan. Inna ta tsaya cak ta karanta masa a'uzubillahi, jama'a na ratse mu ta hagu da dama. Ta ce, "Wanga ɗan wa ne anka tono?" Na ce na roba ne. Ta ce ko na roba ne ai an rufe shi.

A jirgin ƙasa

Jirgi ya tashi gari na fara haske, tafiyar awa biyu ce. Na ba Inna kujerar taga don ta ga ƙasar Faransa, ta duba sau ɗaya ta ce gonaki ne babu mutane, ta juyo da idon nan da aka gyara kan wayata. Mai duba tikiti ya zo, ta tambaye shi kwana da gajiya da iyali, ya ce "merci madame" ya wuce. Ta ce, "Allah sarki, ba shi da kowa." Na sayo mata shayi. Da ta ji kuɗinsa ta ce in mayar, na ce ba a mayarwa, ta shanye shi cikin fushi har ɗigon ƙarshe.

A nan na buɗe aikin da aka ba ni, domin ban taɓa shi ba sai ranar. Na sa waya a cinya na kashe murya ina duba finafinai ɗaya bayan ɗaya, Inna na leƙe. Na farko na mayu ne, wata tsohuwa mai dogon hanci tana yawo a sama bisa tsintsiya. Inna ta ce, "Mayun nan ba su da aikin yi. Namu kurwa suke ci, waɗanga tsintsiya sunka samu." Na biyu wani dogon bature ne mai fiƙa cikin baƙar alkyabba, wai jini yake sha. Ta ce sauro ne ya sa kwat. Ana haka sai ya sunkuya wuyan wata mata, kuma daga inda muke zaune ba za ka iya rantsewa cewa cizo ne ba, na kife wayar da sauri na yi tari. Na uku ƙwarangwal ne suna rawa a maƙabarta, wannan ko minti ɗaya bai yi ba ta ce in kashe ko ta canja kujera.

Muna gab da Lyon na faɗa kan wani fim na zane, irin na yara. Na ga gidan burodi, na ga wata 'yar fatalwa mai ƙaton kai. Lokaci ya ƙure, sai na riƙa jan hoton gaba da yatsa ina neman jini da sumba kawai. Ban ga ko ɗaya ba. Abin da labarin yake cewa kuwa ban sani ba, na ce a raina fim ɗin yara ne, me zai ce.

Vénissieux

Mijin Rabi, Malam Idi, shi ya tare mu a tasha. Direban motar ɗaukar kaya ne a wani babban sito, mutum ne mai kunya da yawan istigfari. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar tasha yana gaida Inna, ita kuma ta kawar da kai tana amsawa bango, turawa na kewaye su da akwatuna. Muka hau taram, jirgin cikin gari, zuwa unguwarsu Minguettes a Vénissieux. A hanya ya sanar da ni cewa shi Halowin ba ruwansa, ba al'adarmu ba ce, ba addininmu ba ne. Na ce haka ne. Ya ce kabewar ma da ya sayo wa Safiya, don kuka ta yi masa. Daga baya na ji cewa kantuna uku ya zaga yana neman wadda ta fi girma, kuma a kafaɗa ya hau da ita.

Gidansu yana can saman ɗaya daga cikin dogayen benayen nan masu kama da juna. Rabi ta rungume Inna ana koke koke. Safiya na tsaye bayan ƙofar ɗaki, rabin fuska a waje. Ta ce "bonjour". Na roƙi Allah a zuciyata Inna ta yi shiru. Inna ta ce, "Ke mummuna, haka ake gaisuwa garinku?" Rabin fuskar ma ya ɓace. An miƙa mata kilishin da ya ƙetare sahara dominta, ta ce ta ƙoshi.

Ni dai ina da farin jini a wajenta. Da yamma ta ja hannuna zuwa baranda ta nuna mini kabewar. Ƙatuwa ce ja, ta zana mata idanu da haƙora da baƙin alƙalami. Ta ce gobe ni zan yanka mata wajen zanen, a ƙwaƙule cikin, a sa fitila, a ajiye kusa da talabijin lokacin fim. Babanta ya ce ba ya taɓa wuƙar, mamanta na da aiki. Ta ce, "Tonton," wato kawu, "ka yi alkawari?" Na yi. Duk wannan da Faransanci muka yi shi, Rabi da mijinta ma sun sani, kuma a cikinmu mu uku manya masu hankali babu wanda ya tuna cewa akwai mutum ɗaya a gidan da ba ya jin Faransanci, kuma ya iya girki.

Ranar kabewa

Rabi ta fita aiki da sassafe, gidan kula da tsofaffi take aiki. Malam Idi ma ya fita. Ni na koma barci bayan asuba, Safiya kuma ana hutun makaranta. Ƙamshi ne ya tashe ni, ƙamshin daddawa da gyaɗa da yakuwa, irin wanda rabona da shi tun ina gida. Na yi murmushi a kan katifa. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, murmushin ya tsaya.

Na iske Inna a kicin ta ɗaura zani a ƙirji bisa rigar sanyi, fuskarta fes, tana juya babbar tukunyar Rabi. Ta ce, "Kun ga almubazzaranci? Kabewa ƙatuwa an yar da ita waje cikin sanyi, har yara sun yi mata zane. Yau za ku ci miyar taushe ta gaske." Rabon da in ga Inna cikin irin wannan farin ciki tun saukarta jirgi. Ta samu abin da ta sani a ƙasar da ba ta san komai ba, kuma jikarta take yi wa.

Ban ji fitowar Safiya ba. Na juya kawai na gan ta tsaye kan kwandon shara tana kallon ɓawon kabewa, ga ido ɗaya da ta zana yana kallonta. Da ta yi ihu da abin ya zo da sauƙi. A hankali ta ce da Faransanci, "Ta kashe ta," ta koma ɗaki ta murɗa makulli. Inna, da ba ta san me ake ciki ba, ta ɗaga murya ta bi ta da cewa kabewar garin nan ma ruwa ce zalla, ba ta da garɗi, kamar masu ita.

Na yi mata bayani. Ta ce, "Ado ake yi da abinci?" Na ce a nan ana yi. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Ta ajiye ludayi ta zauna kan kujerar kicin ta daɗe. Can ta ce, "Na ƙara ɓatawa, ko?" Ta ce in ga ko akwai jirgin yamma, gara ta koma Paris ta bar yarinya ta sake a gidan ubanta. Na ji tausayinta har na rasa abin tsokana, abin da ba ya cika faruwa da ni.

Na sa takalmi na bazama neman wata kabewar. Ranar Halowin ce, ko'ina an kwashe. Na bi taram na sauka, na shiga metiro na fita, masu kanti na dubana kamar mai neman rago ranar Salla da azahar. A ƙarshe na dawo da wani abu dogo mai wuya, ɗan uwan kabewa na nesa, wanda ko ido ɗaya ba zai ɗauka ba. Na ƙwanƙwasa wa Safiya, ta buɗe, ta dubi abin, ta dube ni, ta rufe. Ban ga laifinta ba.

Magariba tana yin wuri a wannan watan. Muna idar da salla aka fara buga ƙofa. Inna ta leƙa ta ga yara huɗu, ɗaya da ƙaho, ɗaya ya lulluɓa da farin zanin gado, sun miƙo leda. Ta ce, "'Yan tashe ne? Ba azumi ba?" Ta ce su yi waƙa tukuna, ba a ba ɗan tashe sadaka bai yi wasa ba. Yara suka tsaya suna kallonta, ita ma tana kallonsu, kuma na lura mai ƙahon ne ya fara ja da baya. Malam Idi, wanda ba ruwansa, shi ya fito da kwanon alewa yana rabawa, ɗaya a leda ɗaya a bakinsa. Safiya ba ta fita ba. Hular mayyar da ta yi mako tana gwadawa tana rataye a ƙofa.

Rabi ta ce fim dai sai an kalla, ta fito da yarinya da umarni. An shirya mata wuri a kujera kusa da Inna, ta wuce ta zauna a ƙasa can jikin bango. Aka kashe fitila. Minti biyar da farawa na gane dabararmu ta mutu, domin Safiya tana motsa baki tare da 'yan fim. Ta kalle shi ya fi a ƙirga. Cikin duk finafinan duniya na zaɓo wanda ta haddace. Mutum ɗaya ne ya zabura lokacin da tukunya ta faɗo a gidan burodin, kuma ba zan faɗi sunansa ba tunda ni ke rubutu.

Inna kuwa ba ta iya kallo shiru ba. Da 'yar fatalwar ta fito, ta faɗa cikin buhun fulawa ta tashi fari fat, Inna ta ce, "Kai, wagga mummuna! Kai kamar tulu." Da uwar gidan ta bar 'yarta ta fita da magariba, ta ce matar ba ta da hankali. Sannan ta dungure ni ta ce, "Mi sunka ce?" Nan asirina ya fara tonuwa. Faransanci ina ji, amma hankalina na kan Safiya, kuma farkon labarin ya wuce ni tun a jirgi. Na ce wai fatalwar tana so ta kori mutanen gidan. Can ta sake tambaya, na ce wai tana neman kuɗin haya. Ta sake, na ce wai fatalwar ta ce za ta cinye yarinyar.

"A'a!"

Daga jikin bango maganar ta fito. Safiya ta juyo tana hararata, ta ce mini da Faransanci ƙarya nake yi, ba haka ba ne ko kaɗan. Na ce to ni iyakar abin da na gane ke nan. Ta dubi uwarta, Rabi ta yi kamar ba ta gani ba. Ta dubi talabijin, inda ake yi wa fatalwarta ƙazafi. Sai ta ce, da Hausa, "Ita... ba ta cin mutum. Gida nata ne. Tana so ta yi burodi, ta taimaka. Su, suna gudu."

Ni Inna nake kallo. Na ga tsokanar ta taso mata tun daga ciki, na ga ta iso bakinta, har leɓenta ya motsa, domin "gida nata ne" irin abin da Inna za ta yi wata guda tana kwaikwaya ne. Ta haɗiye ta. Wallahi na ga wucewarta a maƙogwaro. Ta ce, "To. Sai mi ya faru?"

Safiya ta ci gaba. Inda Hausa ta ƙare mata sai ta cike da hannu, inda hannu ya kasa sai ta jefa Faransanci Rabi ta miƙa mata kalma. Daga bango ba a jin ta sosai, Inna kuma ta ce kunnenta ba a yi masa aiki ba, ido kawai aka gyara. Yarinya ta matso. Aka jima ta ƙara matsowa, har ta zo gindin kujera. A fim mutanen gidan suka ɗauko wani mai doguwar hula da ƙararrawa ya kori fatalwar, ya bi ta lungu lungu har ya fitar da ita cikin ruwan sama, fulawar jikinta na wankewa tana ɓacewa. Inna ta miƙe zaune tana nuna talabijin da yatsa. "Kai, azzalumi! Bar mini mummunata! Mi ta yi maka?" Hawaye na zuba daga idon da likita ya ce a kiyaye.

Safiya ta bar kallon fim ta koma kallon kakarta. Sannan ta ce, "Kaka, kin ce mummuna. Amma kina so?"

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "In ban son ta, ina ruwana da kanta?"

Fim ya ƙare lafiya, an dawo da fatalwa gidan burodi, ban ma san ta yaya ba. Aka kunna fitila, Rabi ta kawo tuwon shinkafa da miyar da kowa ya san da me aka yi ta. Na zaci Safiya za ta ƙi. Ta zauna, ta gutsura, ta dangwala, ta tauna a hankali kamar alƙali. Ta ƙara loma. Inna na satar kallonta. Sai yarinya ta ɗago ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Babu daɗi. Tsohuwa ɓarauniyar kabewa." Ta miƙa kwano a ƙara mata.

Malam Idi ya ajiye cokali ya daka tsawa, "Safiya!" Har ya fara miƙewa. Inna, wadda tun aurensu ba ta taɓa duban fuskarsa ta yi masa magana ba, ta juyo ta ce, "Malam, zamna. Ba da kai ake ba." Ta koma kan jikarta, baki har kunne, ta ce, "Ni ce ɓarauniya? Ke mai hanci kamar an taka?" Safiya ta ce, "Ke kai kamar tulu." Inna ta rangaɗa guɗa a saman benen nan, har maƙwabci ya buga bango. Rabi ta shige kicin wai za ta ɗauko ruwa, ta daɗe ba ta fito ba. A daren nan aka buɗe kilishi, kuma ko a nan yanki ɗaya aka ba ni.

Komawa

Kwanakin da suka rage ban samu zama da 'yar ƙanwata ba, an ƙwace mini ita. Sun sake kallon fim ɗin nan tun daga farko ba tare da tafinta maƙaryaci ba. Inna ta fara gyara mata Hausa, tana dariya kuma, yarinya na ramawa da sa ta faɗin kalmomin Faransanci tana kwaikwayonta. Zagin da na ji a gidan nan, da malamar makarantarsu ta ji da an kira taron iyaye.

Ranar tafiya suka rako mu tasha. Malam Idi ya sake durƙusawa, turawa suka sake kewayewa. Jirgi na shirin tashi Safiya ta ciro wani ƙullin takarda daga aljihu ta danƙa wa Inna. 'Ya'yan kabewar ne, ta tsince su daga kicin ta shanya a kan na'urar ɗumama ɗaki ba wanda ya sani. Ta ce, "Ki shuka. Ki biya ni. Zan zo in karɓa." Inna ta ce, "Ki zo ɗin, in kin iya hanya, mummuna." Ta ƙulle su a bakin zani, ƙulli biyu.

A jirgi ba ta duba taga ba, ba ta leƙa wayata ba, karɓe ta ta yi gaba ɗaya. Ta kira ƙanwarta a Maraɗi, ta kira maƙwabta, ta kira mutanen da na zaci sun rasu, kowa tana gaya masa da alfahari cewa jikarta ta ce mata ɓarauniya. Mutanen da ke kusa da mu suna ta nuna mini hoton waya mai barci da aka manna a bango, alamar a yi shiru, ina nuna musu Inna.

Mun iso Montreuil da la'asar, jakunkuna sun yi sauƙi, matakala na nan yadda muka bar su. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Rabi da dabararta da ba ta yi aiki ba, da Malam Idi wanda har yanzu ba ruwansa, da kabewar da ta ba da ranta. Ina cire takalmi Inna ta kira ni daga ɗaki. Na same ta zaune bakin gado ta kwance ƙullin tana juya 'ya'yan a tafin hannu. Ta ce in tambayi Rabi watan da ake ba yara babban hutu, don ta san ko shukar farkon damina za ta yi ko ta jira ruwa ya zauna.